Aya da Waƙafi: Makin da Ɗalibi Ke Zubarwa da Hannunsa

Ya kai ɗalibi, ka sani mai duba takardar jarrabawa ba ya jin muryarka. Idan kana magana da baki, muryarka ce ke nuna inda ka tsaya, da inda ka numfasa, da inda kake tambaya. A kan takarda kuwa, alamomin rubutu ne ke ɗaukar wannan aiki duka.

Dubi wannan: "Sule ya ci jarrabawa." Sa'an nan dubi: "Sule ya ci jarrabawa?" Kalmomin iri ɗaya ne, ba a ƙara ko harafi ba. A Hausa sau da yawa ɗaga murya kaɗai ke mai da labari ya zama tambaya, saboda haka wanda ya bar alamar tambaya ya ba da labarin abin da shi kansa bai sani ba. Haka kuma yaron da ya rubuta "Zo mu yanka Baba" ran layya, alhali nufinsa "Zo mu yanka, Baba." Duk wanda ake kira da sunansa a cikin jimla, a raba shi da sauran magana da waƙafi.

To, ina maki ya shigo? A insha'in Ingilishi na hukumar WAEC maki hamsin ne, goma daga ciki an keɓe su ga ƙa'idojin rubutu, kuma kowane kuskure rabin maki ake cirewa. Kuskure ashirin ya cinye goman nan ƙaf. Ɗalibin da ba ya kula zai iya tara su tun bai gama shafin farko ba. Malaman Hausa ma suna da jan biro, kada ka ce don harshenka ne za a ɗaga maka ƙafa.

Babbar cutar da ta fi yawa ita ce jimla marar iyaka. Yaro ya kama labari: sai muka tafi kasuwa sai muka ga hatsari sai mutane suka taru sai 'yan sanda suka zo, har ƙasan shafi ba aya ko ɗaya. Mai dubawa, wanda ke da tarin takardu a gabansa, ya karanta har numfashinsa ya ɗauke. Maganin abin mai sauƙi ne. In magana ta cika, ta tsaya da ƙafarta, ɗiga aya, ka fara ta gaba da babban baƙi.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, masu watsa waƙafi ko'ina kamar ana watsa wa kaji tsaba. Wannan ma kuskure ne. In ka ce "Ya sayo gero da dawa da wake", kalmar "da" ta riga ta yi aikin, ba a bukatar waƙafi. Kuma ba a sa shi tsakanin mai aiki da aikinsa, kamar a rubuta "Binta, ta tafi makaranta" a labari.

Sauran alamomin, irin su ruwa biyu da baka biyu da alamar zancen wani, sa biyo baya in aya da waƙafi sun zauna. Alamar motsin rai kuwa guda ɗaya ta isa, ba sai an jera uku ba.

A gida, karanta abin da ka rubuta da ƙarfi, ko ka ba ƙanenka ya karanta maka. Inda ya yi tuntuɓe, nan alama ta ɓace. A ɗakin jarrabawa ba halin ɗaga murya, sai ka rage minti biyar na ƙarshe ka bi takardarka layi-layi kana karantawa a zuci, biro a hannu.