Darasi na 9: Haɗa guntayen katako masu launi a yi biro na kyauta

Iyaye da 'yan uwa, wanga darasi a kan guntayen katakon da kafinta ke tarawa a gefen shago yake, waɗanda ƙarshensu murhu. A Amurka da Ingila akwai masu sana'ar da ke manna irin waɗannan guntaye, ja kusa da fari, fari kusa da baƙi, su fitar da ɗan sanda mai kauri kamar santimita 2 da tsawo kamar santimita 13. Shi suke ferewa ya zama gangar biro. Feren ba shi ne wahalar ba. Wurin mannawa ake cin riba, wurin kuma ake yin asara.

Na san wata za ta ce sassaƙa ai aikin maza ne. To, amma wa ya fi mai saƙar faifai sanin launin da ya dace da wani? Zaɓen launi, gogewa da mannawa duk ana yin su cikin gida, zaune a kan tabarma.

Wane itace?

Maɗaci ja ne. Ƙirya ta fi shi duhu da tauri. Malaina da farin katakon kafinta su ne masu haske. Kada ku haɗa mai tauri ƙwarai da mai laushi ƙwarai, kamar ƙirya da farin katako, don wurin guga mai laushin zai riga cinyewa, biron ya fito da tudu da kwari. Maɗaci da malaina sun fi zama lafiya da juna ga mai koyo. Madobiya tana da kyau, amma an sare ta da yawa ana kai wa Sin, har tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da aka sa wa cinikinsu ido a duniya. In an samu guntunta a shago, to. Kada ƙungiya ta sa a sare ko ɗaya.

Itacen ya bushe ƙarau. Wanda aka manna da danshin damina, da hunturu ya busa kowane guntu zai tsuke gwargwadon halinsa, mahaɗin ya buɗe. Shi ya sa aikin ya fi kyau da rani, bayan an kai amfanin gona gida.

Mannawa

Ku duba katako da kyau, za ku ga jijiyoyinsa sun miƙe gefe guda kamar na rake. Gam yana kama gefen katako da ƙarfi, amma bakin da zarto ya yanke a gicciye yana shanye gam kamar yadda rairayi ke shan ruwa, sai mahaɗin ya zama marar ƙarfi. Don haka masu farawa su fara da shimfiɗa: falle uku siraran katako, fari a tsakiya, ja a gefe da gefe, jijiyoyinsu duk suna kallon wuri ɗaya.

Kafin gam, a goge fuskokin su kwanta. A shimfiɗa sanfefa a kan gilashi ko tayil, a riƙa goga katakon a kanta. Ku haɗa guda biyu ku ɗaga su wajen rana. In haske ya ratsa tsakani, ba su yi ba, a koma. Gam ba ya cike rami, kun ji ko? A shafa shi siriri a fuska biyun, a haɗa, a naɗe tamau da robar tsohon tub ɗin keke, a goge wanda ya tsattsafo, a ajiye a inuwa sai gobe war haka. Mai gaggawar kwancewa da la'asar ita ce mai kuka.

Farin gam na kafinta, irin su Top Bond, ya isa ga katako da katako, sai dai ba ya son ruwa. Masu son siririn layi mai ƙyalli tsakanin launuka sukan sa yankin gwangwanin lemo ko tsohon katin roba. Wannan farin gam ba ya kama shi. Sai gam mai haɗi biyu irin Araldite, kuma sai an karce gwangwanin da sanfefa tukuna.

Sai maganar rami. Hanjin biro, wato bututun tawadar nan, yana son rami kamar milimita 4, kuma huda rami siriri mai tsawo haka ba tare da ya karkace ba yana ba ƙwararru ma wuya. Ga dabara irin ta masu yin fensir: a raba fallen tsakiya gida biyu, a bar rata daidai kaurin hanjin a tsakaninsu, a kwantar da sandar walda da aka kankare aka shafe da kyandir a cikin ratar, sannan a manna. In gam ya bushe a murɗa a zare sandar, ga rami miƙaƙƙe.

Mai zobe-zobe, wanda launuka ke zagaye biron, sai hannu ya faɗa. Ana huda kowane ɗan guntu shi kaɗai, a jera su a sandar kamar tasbaha. Tunda nan baki da baki ne ke haɗuwa, a fara shafa gam mai ruwa-ruwa ya shanye, bayan 'yan mintoci a sake shafawa a haɗa. In aka yanka guntayen a karkace sun fi kamawa, sun kuma fi kyan gani.

Ferewa kuwa, wuƙa mai kaifi da magagari da sanfefa sun isa, sai dai jinkiri. In da yawa ne, a tara a kai wa kafinta mai injin da ke juya katako, irin wanda ake fere ƙafar gado da shi. A ƙarshe a goge da kakin zuma. Man gyaɗa yana wari in ya daɗe. A rufe hanci wurin guga, a kuma nisanta gam daga yara.

Kafin a buɗe akwati

Nan nake so mu tsaya. Ba wanda zai sayi biron katako don ya rasa abin rubutu, ga na roba nan da araha a kowane tebur a Jega. Kayan kyauta ne: na biki, na walimar sauka, na ɗaliban jami'ar Aliero masu kammala karatu, na ma'aikaci da aka yi wa ƙarin girma. Kasuwarsa ba ta kullum ba ce kamar ta albasa ko ƙuli-ƙuli. A ganina, ba daidai ba ne mace ta ci bashin ƙungiya a kan wanga aiki kafin wani ya ce yana so ya kuma ba da kafin alƙalami. Sayen inji kuwa a manta da shi a wanga zagaye.

Wurin sa farashi a lissafa gam, hanji, sanfefa, ladan kafinta, kuɗin mota daga Karaye zuwa Jega da dawowa, da waɗanda suka fashe, don za su fashe. Kwanakin da kika yi a kai ma kuɗi ne.

Aikin mako: mata uku su nemo guntaye, su manna sanda biyar irin na shimfiɗa. A kawo su taro na gaba. Za mu yar da kowanne a kan daɓe daga tsayin ƙugu, sakatariya ta rubuta nawa suka tsira da kuma wane gam aka sa musu.