HUKUNCIN SAYAR DA GIDAN DA KE HANNUN ƊAN HAYA

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tun da aka kafa Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Daura cikin shekarar 2019, baƙi suka ƙaru, gidaje suka yi daraja. Sau da yawa mai gida yakan sayar da gidansa alhali kuwa akwai ɗan haya a ciki, sa'an nan sabon mai gida ya zo ya ce a kwashe kaya. Lalle ne Musulmi ya san hukuncin wannan al'amari.

Haya alkawari ce, Allah kuwa Ya umurci muminai da cika alkawari a aya ta 1 ta Suratul Ma'ida. A mazhabar Imamu Malik haya iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda aka yanke wa ajali, kamar shekara guda. Wannan ta ɗaure mai gida da ɗan haya duka, sayar da gida ba ya warware ta. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa ko mutuwar mazaunin gidan ba ta rushe hayar. Ta biyu ita ce ta wata-wata wadda ba a ambaci ƙarshenta ba. A nan kowannensu yana da ikon janyewa, sai fa kwanakin da aka riga aka biya kuɗinsu.

Cinikin kansa ya halatta. Muhtasar na Shehu Halil ya nuna ana iya sayar da gida a jinkirta miƙa shi har shekara guda. Amma wajibi ne mai sayarwa da dillalinsa su sanar da mai saye cewa akwai haya a kan gidan. In sun ɓoye masa, yana da zaɓi: ko ya haƙura har ajali ya cika, ko ya fasa cinikin. Hakkinsa yana wuyan wanda ya sayar masa, ba ya da ikon korar ɗan haya.

Shi ma ɗan haya ya sani ba shi da shufa'a, domin a wurin Malikawa shufa'a ta abokin tarayya ce cikin abin da ba a raba ba. In mai gida ya fara yi masa tayi, kyautatawa ce. Idan ajalinsa ya cika, sai ya tashi ko ya nemi sabon alkawari.

Maganin rigima shi ne rubuta ajali da kuɗin haya a gaban shaidu biyu. In saɓani ya taso, a fara da sulhu wurin mai unguwa ko hakimi. In ya faskara, a je gaban alƙali. Allah ne Mafi sani.