Hutun Iyali: Darasi daga Kwale-kwalen “Kawu”

Karatu: Markus 6:30-34

A karatunmu na wannan wata manzanni sun komo daga aikin da Ubangiji ya aike su, suna ba shi labarin abin da suka yi da abin da suka koyar. Markus ya nuna mana jama'a suna ta kai da kawowa, har manzannin suka rasa sukunin sa abinci a baki. Yesu ne ya ga gajiyarsu tun ba su yi kuka ba, ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta, suka kuwa tafi cikin jirgin ruwa. Mu lura da abu guda: bai sallame su kowa ya nemi inuwarsa ya kwanta ba. Tare suka tafi, shi ma yana cikin jirgin.

Gidaje da yawa a yau suna cikin irin halin da manzannin suka shiga. Maigida ya fita tun da asuba, uwargida tana tsakanin kasuwa da murhu, yara kuwa daga makaranta sai darasin yamma. Da dare, sa'ad da aka taru, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Ba faɗa ake yi ba, abinci kuma bai yanke ba, amma sannu a hankali uba yana zama baƙo ga ɗansa, mata da miji kuma ba su da sauran zance sai na kuɗin makaranta da na haya. Domin mu ga abin da fita hutu tare yake yi wa iyali, bari mu dubi rayuwar wani firist na ƙasar Polan, Karol Wojtyla, wanda duniya ta sani daga baya da sunan Paparoma Yohanna Bulus na Biyu. Dattawanmu suna tuna zuwansa Kaduna a shekarar 1982, inda ya naɗa firistoci.

Maraya da ya zama kawun jama'a

An haifi Karol a garin Wadowice a 1920. Mahaifiyarsa ta rasu a 1929, wansa Edmund, wanda likita ne, ya rasu a 1932, mahaifinsa kuma a 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Watau tun bai cika shekara 21 ba ya rasa dukan mutanen gidansu. An naɗa shi firist a 1946, a 1949 kuma aka tura shi majami'ar Waliyyi Florian a birnin Krakow, aka danƙa masa kula da ɗaliban jami'a.

A lokacin nan Polan tana hannun gwamnatin 'yan gurguzu, wadda ba ta yarda firist ya tara matasa a wajen majami'a ba. Fada Karol bai daina fita da su ba. Yakan tuɓe rigar firistoci, ya sa tufafi irin na kowa, su shiga jirgin ƙasa zuwa duwatsu. Domin kada 'yan leƙen asiri su ji ana kiransa Fada, sai matasan suka riƙa ce masa Wujek. A harshensu ma'anar kalmar ta asali ita ce ɗan'uwan uwa, daidai da kawu a wurinmu. Mu da muka san matsayin kawu ba ma bukatar dogon bayani: shi ne wanda yaro yake iya gaya wa abin da yake jin nauyin gaya wa ubansa. Sunan ya bi shi har ƙarshen ransa. Ƙungiyar kuwa da fari sun kira kanta da wata kalma mai ma'anar ƙaramin iyali.

Daga 1953 suka tsai da al'ada ta kowace shekara: wani sashe na hutu a kan duwatsu, musamman na Bieszczady, wani sashe kuma a kan koguna da tafkuna. Tafiyarsu ta farko a ruwa a kogin Brda aka yi ta a shekarar nan, a 1955 kuma suka bi kogin Drawa. Ban da waɗannan dogayen tafiye-tafiye, sukan yi gajerun fita na yini ɗaya ko biyu zuwa tuddan da ke kudancin Krakow. Wanda ya jawo su ga tuƙin kwale-kwale wani matashin injiniya ne mai suna Jerzy Ciesielski. Za mu komo kansa.

Abin da kwale-kwale yake koyarwa

Kwale-kwalen da suke shiga ɗan siriri ne, mara nauyi, mai ɗaukar mutum biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowa da filafili mai baki biyu. Na gaba shi ne yake sa saurin tuƙi, na baya kuma ya bi bugunsa, ya kuma daidaita hanya. In na baya ya ce ƙarfinsa ya fi, ya yi ta bugun ruwa yadda ya ga dama, filafilai su yi ta karo, kwale-kwalen ya yi ta kewaya wuri ɗaya. Na gaba ba ya ganin fuskar na baya, tilas ya amince masa. Ma'aurata za su gane wannan ba sai mun fassara musu ba.

Amma babban amfanin kwale-kwalen a wurin Kawu shi ne lokaci. Yakan ɗauki mutum ɗaya a nasa kwale-kwalen, kashegari ya ɗauki wani. Sa'o'i masu yawa a kan ruwa, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa, ba inda za a gudu. A nan saurayi yake faɗin shakkarsa game da yarinyar da yake nema, a nan matar aure take faɗin abin da yake ci mata rai. Waɗanda suka yi tafiyar sun shaida cewa sauraro ya fi yawa a wurinsa, kuma in an gama tattaunawa ba ya yanke wa mutum shawara, yakan mayar masa da ita, gama rayuwar tasa ce. A ganinmu, nan ne iyaye da yawa suke tuntuɓe. Muna son yaro ya buɗe mana zuciyarsa cikin minti biyar, muna tsaye a bakin ƙofa da makullin babur a hannu, in ya fara magana kuma mu tare shi da hukunci. Yaron da aka yi wa haka sau biyu ba ya ƙara farawa.

Da safe sukan kifar da kwale-kwale ɗaya ya zama bagadi, su ɗaure filafilai biyu su zama gicciye, Kawu ya miƙa Hadayar Misa a bakin ruwa. Da yamma a kafa tantuna, a hura wuta, a yi waƙa. Har ƙwallo sukan buga, ma'aurata da marasa aure, shi kuwa ya shiga ɓangaren da mutum ya gaza. Da shekaru suka wuce ɗaliban suka auri juna, shi ya ɗaura aurensu, shi ya yi wa 'ya'yansu baftisma, yaran ma suka fara bin tafiya.

Tafiyar ƙasa a duwatsu tana da nata darasi, gajere ne kuwa: ayari ba ya wuce saurin wanda ya fi kowa rauni. Uban da ya saba umarni yakan iske kansa ɗauke da ƙaramar 'yarsa a wuya, da jakar matarsa a hannu.

Kada mu ɗauka wannan wasa ne da firist ya yi kafin ya shiga aiki na gaske. Littafinsa a kan ƙauna da nauyin da ke tattare da ita, wanda ya fito a 1960, daga irin waɗannan hirarraki ya tsiro, har ma ya ba abokan tafiyarsa rubutun farko su karanta su faɗi ra'ayinsu. Wanda ya rubuta wasiƙar Familiaris Consortio a kan iyali a 1981, da Wasiƙa zuwa ga Iyalai a 1994, bai taɓa aure ba, amma ya shekara da shekaru yana sauraron ma'aurata a inda ba sa ɓoye kome. A shekarar 1958 yana kan kogin Lyna aka kira shi Warso, inda Kadinal Wyszynski ya sanar da shi cewa Paparoma Pius na 12 ya zaɓe shi mataimakin bishop na Krakow. Shekarunsa 38. Ya karɓa, ya daɗe yana addu'a a ɗakin sujada na wasu sistoci, ya je ya ga babban bishop nasa, sa'an nan ya koma wurin abokansa a bakin ruwa. Bai bar wannan al'ada ba yana bishop, bai bar ta ba yana kadinal, har zuwa 1978, shekarar da aka zaɓe shi Paparoma.

Game da hoto

Yawancin abin da idonmu ya gani na tafiye-tafiyen nan, daga hotunan da matafiyan suka ɗauka da kansu ne, baƙi da fari. Ga shi cikin kwale-kwale, ga shi yana aske gemu a fili, ga shi zaune a ƙasa tsakanin matasa. Ba wanda ya ɗauke su domin duniya ta gani, gama ba wanda ya san abin da mutumin zai zama. A zamanin nan fim na kyamara yana ɗaukar hoto 12, ko 24, ko 36, sai an kai an wanke kafin a ga abin da ya fito. Saboda haka mutum yakan duba da kyau kafin ya danna.

Yau wayar da ke aljihunmu tana ɗaukar ɗaruruwa a yini, amma gidaje nawa ne suke da hoton da jika zai riƙe a hannu bayan shekara 40? Waya ta ɓace, ko ta faɗa ruwa, tarihin gida ya tafi da ita. Akwai kuma wata cuta da ta fi wannan: a kai yara wuri mai kyau, a hana su wasa, a yi ta jera su ana gyara musu tsayuwa domin mutanen Facebook su yaba. Irin wannan hoto na maƙwabta ne, iyalin ba su amfana da kome ba. Shawararmu ita ce a ɗauki kaɗan, a ba yara ma su ɗauka, gama abin da yaro yake gani dabam ne da na babba, sa'an nan a mai da wayar cikin jaka. In an komo gida a zaɓi biyu ko uku a wanke a takarda, a rubuta rana da wuri da sunaye a bayansu.

Lahadi, da kuma ruwa

Abu biyu ne ba za mu yi shiru a kansu ba. Na fari, ranar Ubangiji. A wasiƙarsa Dies Domini ta 1998, Paparoma ya yarda cewa hutun ƙarshen mako yana da alheri a cikinsa, amma ya yi gargaɗi kada Lahadi ta narke ta zama wutsiyar hutu kawai. Ya kuma tuna wa matafiya su nemi Misa a inda suka sauka. Mutumin da ya mai da kwale-kwale bagadi yana da bakin faɗin haka. Mu ba mu da firist a cikin jakarmu, saboda haka tun kafin a bar gida a bincika majami'ar da ke kusa da lokacin Misa. Dokar Ikkilisiya ta yarda Misar yammacin Asabar ta cika wajibin Lahadi, wannan kuwa sauƙi ne ga masu tafiya.

Na biyu, ruwa ba ya wasa. Jerzy Ciesielski, wanda Kawu ya ɗaura aurensa a 1957, ya zama malamin jami'a, ya tafi koyarwa a Jami'ar Khartum ta Sudan. A ranar 9 ga Oktoba, 1970, jirgin da ya shiga a Kogin Nilu ya nutse, ya rasu tare da biyu daga cikin 'ya'yansa. Gwani ne na ruwa, mutum mai tsoron Allah, har a 2013 Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, mataki ne a hanyar zama waliyyi. Duk da haka ruwa ya ci shi. Mu da muke yawan jin labarin kifewar jirage a kogin Neja da na Binuwai, lalle ne mu riƙe wannan: kada yaro ko babba ya shiga kwale-kwale ba rigar kariya daga nutsewa, kada a cika shi fiye da kima, kada a shiga ruwa da dare ko sa'ad da hadari ya haɗu. Haka nan wajen hawan dutse ko shiga daji, a tambayi mutanen wurin halin tsaron hanya, a bar wa wani a gida labarin inda aka nufa da lokacin komowa.

Wani zai ce, Fada, wannan zancen masu kuɗi ne. Ɗaliban Krakow na bayan yaƙi ba masu kuɗi ba ne, gurasa da abincin gwangwani suke ɗauka, a ƙasa suke kwana. Wanda ba shi da kogi yana da dutse a bayan gari, ko bakin madatsar ruwa, ko gonar kaka a ƙauye. Tabarma, da gorar ruwa, da ɗan dambu ko ƙosai a kwano sun isa yini guda. Abin da yake da tsada shi ne maigida ya yarda ya rufe shago ranar Asabar ɗaya, uwargida kuma a sauke mata girkin ranar, domin ita ma hutun nata ne. Iyali biyu ko uku na unguwa ɗaya suna iya haɗa kai su tafi tare, ya fi sauƙin kuɗin mota, ya kuma fi aminci a hanya.

A taron iyalai na wannan wata, bayan an karanta Markus, muna roƙon kowane gida ya zauna tare da yaran, a tsai da rana ɗaya da wuri ɗaya kafin watan ya ƙare, a kuma yarje wa ƙaramin cikinsu ya fara faɗin inda yake so a je.