Keke ga Mai Tsayi

Wani mai sauraronmu daga Kusada ya ce shi dogo ne, kullum yakan hau keke zuwa Kankiya, gwiwa da baya suna yi masa ciwo. Me zai yi?

To Malam, sirdinka ya yi ƙasa. Ka hau, ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ba ta miƙe sosai ba, a ɗaga sirdin. Amma ka kula, akwai alama a jikin ƙarfen sirdin, kada a zaro shi ya wuce ta, domin yana iya karyewa kana tafe. Wannan kam ba abin wasa ba ne.

Ciwon bayan kuwa, kan keken ne ya yi maka ƙasa, mai gyara zai ɗaga shi.

In sabo za ka saya, nemi Phoenix mai firam inci 24, ka bar mai 22. In kuwa irin na hawa duwatsu ne, zaɓi mai taya inci 29, kuma ka sauke sirdi kafin gangara mai tsanani.