Amsoshin Tambayoyinku: Dokar Hana Dalma da Gasar Masu Ƙera Lasifika

Wani mai karatu daga Kano, wanda sana'arsa gyaran rediyo da amfilifaya ce, ya aiko mana da tambaya. Ya ce liƙin da ke cikin sababbin kayan sauti ba ya narkewa da sauƙi kamar na da, kuma ba ya sheƙi. Ya ji a kasuwa cewa Turawa ne suka hana sa dalma, wai manyan kamfanoni ne suka ƙulla dokar don su kashe ƙanana. Yana son ya san gaskiyar maganar.

Madalla da wannan tambaya, Malam. Abin da hannunka ya gaya maka gaskiya ne. Liƙin da aka saba da shi haɗin kuza ne da dalma, kashi 63 na kuza da 37 na dalma, kuma yana narkewa a zafin digiri 183. Na yanzu galibi kuza ce da 'yar azurfa da ɗan jan ƙarfe, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 217. Rashin sheƙin nan kuwa halinsa ne, ba alamar aikin ha'inci ba ce.

Dokar ta Tarayyar Turai ce, ana kiranta RoHS, wato dokar taƙaita abubuwa masu guba a kayan lantarki. An zartar da ita a 2003, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2006. Abubuwa shida ta fara kamawa, ciki har da dalma da zaiba da wani ƙarfe mai suna kadmiyam. Dalma kada ta wuce kashi 0.1 cikin ɗari na nauyin kowane sinadarin da aka yi amfani da shi, kadmiyam kuwa 0.01. Dalilin shi ne inda kayan ke ƙarewa in sun mutu: juji. Can ruwa ke wanke gubar zuwa cikin ƙasa, ko a ƙona su hayaƙin ya shiga ƙirjin mutane. Mu ba baƙi ba ne ga sharrin dalma. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito.

To, manyan kamfanoni ne suka ƙulla ta? A'a, dokar lafiya ce da muhalli, kuma ta hau kan babba da ƙarami. Sai dai maganar kasuwar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, domin nauyin bai faɗo wa kowa daidai ba. Kamfani irin Sony ko Yamaha yana sayar da kaya masu ɗimbin yawa, kuɗin sauya injina da gwaje-gwaje da takardun shaida sai ya watsu a kansu har ba a ji. Amma a harkar sauti akwai ƙananan maƙera da yawa, masu haɗa amfilifaya da hannu, 'yan ɗaruruwa a shekara. Su ma dole su tabbatar kowane ɗan ƙarfe da waya da suka saya ya cika sharaɗi. Wani lokacin ma mai yi musu wani ƙaramin kaya yakan daina yin sa gaba ɗaya, sai sun sake zanen na'urar tun daga tushe.

Ga misali mai nuna yadda abin ya taɓa sautin kansa. Akwai na'urar ɗakin ɗaukar waƙa da ke daidaita murya, ta sassauta ta in ta yi ƙarfi da yawa. Wasu daga cikin irin wannan na'ura suna aiki da wata 'yar ƙwayar ido mai jin haske, wadda da kadmiyam ake yin ta, kuma injiniyoyi na son laushin da take ba murya. Tarayyar Turai ta ɗaga wa wannan ƙafa, amma rangwamen ya ƙare a ƙarshen 2013. Manyan lasifikoki masu ƙarar da ta kai desibel 100, wato ma'aunin ƙarfin sauti, su ma an ba su rangwame a liƙin wayar da ke cikinsu, saboda zafin da take sha. Neman irin wannan rangwame kuwa aiki ne na masana da hujjoji da kuɗi, kuma a nan ma mai ƙarfi ya fi samun bakin magana.

Duk da haka, a ganina dokar ta yi wa gasar wani alheri. Da an bar wa kowa zaɓi, wanda ya bar dalma don tausayin jama'a shi zai yi asara, tunda kayansa za su fi tsada. Da aka ɗora wa kowa sharaɗi ɗaya, babu mai karya farashi da guba a kasuwar Turai. Kuma da yake masana'anta ba ta son raba layin aikinta biyu, kamfanoni da dama suka mayar da duk kayansu marasa dalma, har waɗanda ke zuwa kasuwar Sabon Gari. Sin ma ta fara aiki da tata dokar a 2007. Amma kada ka ɗauka duk lasifika mai araha da ka buɗe babu dalma a cikinta, domin dokar Turai a kasuwar Turai take da iko.

A bencinka, Malam, ka ƙara wa ƙarfen liƙinka zafi in ka gamu da sabon liƙi, amma kada ka daɗe a wuri ɗaya, don kada layin allon ya ɗago. In za ka sake liƙa wuri, ka share tsohon tukuna. Tsofaffin rediyo kuwa da dalma aka yi su, saboda haka ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, kuma ka hana yaran shagonka riƙe wayar liƙi da haƙori.