Daga 'Yan Doka Zuwa 'Yan Sanda: Ina Talaka Zai Kai Kuka?

Duk dattijon da ya haura shekara saba'in a Shanga, ko Yelwa, ko Wara, ya san ɗan doka. Yara kuwa ɗan sanda kawai suka sani. Wasu suna zaton suna ne kawai aka sake. Ba haka ba ne. Ɗan doka ma'aikacin En'e ne, wato hukumar gargajiya ta ƙasar sarki. Ɗan sanda kuwa ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ne. Darasin wannan wata zai bayyana yadda aka tashi daga wancan aka zo wannan.

Asalin 'yan doka

Kafin zuwan Turawa, dogarai ne masu tsaron sarki. Su ne masu kamo mai laifi, su ne masu kai sammaci. Da Turawa suka ci ƙasar Arewa a farkon shekarun 1900, ba su kori dogarai ba. Sun bar su suna aiki a ƙarƙashin sarakuna, aka kuma yanka musu albashi.

Da garuruwa suka yi girma, sai aka ga aikin ya fi ƙarfin dogarai. A 1925 En'e ta Kano ta kafa 'yan gadi don tsaron birni. Bayan 'yan shekaru sai tsarin ya bazu zuwa sauran ƙasashen sarakuna, da sunan 'yan doka. Aka ba su tufafi iri ɗaya da kulki. Aka koya musu fareti. Aka yi musu muƙamai irin na soja, kamar kofur da saje.

Kowace En'e da nata 'yan doka. Kano da Sakkwato suna da su da yawa. Ƙaramar En'e irin ta Yauri, wadda Shanga da Ngaski suke cikinta, nata kaɗan ne. Daga Baitulmali ake biyansu, wato daga kuɗin haraji da jangalin da talakawa suka biya. Aikinsu shi ne tsaron kasuwa, da sintirin dare, da rakiyar kuɗin haraji, da kai wanda ake tuhuma gaban alƙali.

A manyan ƙasashe akan ɗora ɗan sarki ya shugabance su. Alhaji Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka a Kano kafin ya zama sarki a 1963. Alhaji Usman Nagogo ma ya shugabanci 'yan dokan Katsina kafin ya hau gadon sarauta.

A lokacin akwai kuma 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗa na Kudu da na Arewa suka zama runduna ɗaya a 1930. Amma su sun fi yawa a bariki da garuruwan da jirgin ƙasa yake bi. Mutumin ƙauye bai cika ganinsu ba.

Amfaninsu da illarsu

Ɗan doka ɗan ƙasa ne. Ya san hanya, ya san mashigin ruwa, ya san tungar da ɓarawo zai kwana. Yana jin harshen mutane. A ƙasa irin ta Yauri, inda akwai Shangawa da Gungawa da Kambari da Hausawa da Fulani, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa har yau wasu tsofaffi suke yabon zamanin. Suna cewa ɓarawon akuya ba ya kwana biyu ba a kama shi ba.

To, amma akwai wani gefen, kuma shi ne ya kashe tsarin. En'e ce take da 'yan doka. En'e ce take da kotun alƙali. En'e ce take da gidan yari. Mai kamawa da mai hukunci da mai tsarewa duk ubangidansu ɗaya. Idan ɗan doka ya mari manomi, ko ya karɓe masa kaza, ina manomin zai je? Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa, ta gida ɗaya ce. Akwai Di'o da Razdan a sama, amma talaka nawa ne yake iya isa gabansu?

Da siyasar jam'iyyu ta shigo a shekarun 1950, abin ya ƙara lalacewa. Yawancin hukumomin En'e suna tare da jam'iyyar NPC mai mulki. 'Yan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, sun sha kuka cewa ana amfani da 'yan doka ana hana su taro, ana kama su, ana ɗaure su a kan ƙaramin dalili. An yi irin wannan kuka a wurare da dama na Arewa, da ma Jihar Yamma, inda su ma suke da 'yan sandan ƙananan hukumomi.

Yadda aka soke su

Soja sun karɓi mulki a watan Janairu 1966. A shekarar aka kafa kwamiti don duba batun 'yan doka da gidajen yari. Kwamitin ya ba da shawarar a mayar da su hannun Tarayya. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta amince. Daga 1968 aka fara aikin, cikin 'yan shekaru aka gama. Waɗanda suka cancanta aka shigar da su rundunar 'yan sandan Nijeriya, sauran aka sallame su. A ƙasar Yauri wannan ya zo daidai da lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Kainji, ana ta tashin ƙauyukan bakin ruwa. Zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur ke nan.

Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 214, ya tabbatar da runduna ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. Ɗan sandan da yake Shanga yana ƙarƙashin babban jami'in yanki, wanda ake kira DPO. Shi kuma yana ƙarƙashin Kwamishina a Birnin Kebbi. Kwamishina yana ƙarƙashin Sufeto Janar a Abuja. Sarki ko hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ba shi ne ubangidansa ba, ko da yake suna haɗa kai wajen aiki.

Abin da doka ta ba talaka

Yanzu kotu daban, 'yan sanda daban. Wannan ya buɗe ƙofofi, sai dai mutane da yawa ba su san da su ba.

Beli a caji ofis kyauta ne. Mace ma tana iya tsaya wa mutum. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani. Idan ɗa ya gudu, ba a kama ubansa ko matarsa. Dokar ta kuma hana kama mutum don bashi kawai. Wanda aka kama yana da haƙƙin a gaya masa dalili. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Idan babu, kwana biyu, ko lokacin da kotu ta ga ya dace.

Wanda aka zalunta zai fara kai kuka wurin DPO. In bai sami biyan buƙata ba, sai ofishin Kwamishina. Akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, mai ikon horon jami'i ko korarsa. Akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. A nan ne iya rubutu yake da rana. Kukan baki yakan bi iska. Takarda mai ɗauke da rana, da wuri, da suna ko lambar jami'i, da sunayen shaidu, tana da wuyar ɓacewa. A ajiye kwafi ɗaya a gida.

Maganar ta sake tasowa

'Yan sanda ba su isa ƙauyuka ba, kuma 'yan bindiga sun addabi jama'a. Mutanen ƙasar Yauri ba su manta da sace ɗaliban makarantar Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni 2021 ba. Saboda haka garuruwa suka dogara da 'yan banga. Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024. Mutane da yawa sun yi kira a ba jihohi ikon kafa 'yan sandansu.

Buƙatar gaskiya ce. Amma duk garin da zai ɗora wa 'ya'yansa tsaro, ya kamata ya fara amsa tambayoyin da ba a amsa ba a zamanin En'e. Wa zai zaɓe su? Wa zai biya su? Idan sun kama mutum, ina za su kai shi, kuma cikin awa nawa? Idan su ne suka yi laifi, wa zai saurari ƙarar, wanda ba ubangidansu ba ne?

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya nemi dattijo ɗaya a garinsu wanda ya ga zamanin 'yan doka. Ya tambaye shi abu ɗaya mai kyau da abu ɗaya marar kyau da ya gani da idonsa. A rubuta amsar cikin layi biyar, a karanta a aji mako mai zuwa.