Tsufa Ba Ciwo Ba Ne: Me Ke Raya Zuciyar Dattijo?

A Kafin Dafga da sauran garuruwan ƙasar Karaye da Rogo, ɗa nagari kan karɓe fartanya daga hannun mahaifinsa, ya ce, "Baba, ka huta haka nan." Niyyar kyakkyawa ce, amma binciken kimiyya ya nuna cewa zaman da babu abin yi a cikinsa yakan gaggauta raunin jiki da na ƙwaƙwalwa.

Da farko, akwai batun tsoka. Daga shekara 30 da haihuwa, tsokar ɗan Adam takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar takan tsananta bayan shekara 60. Rashin motsi shi ke ƙara mata sauri. Saboda haka a shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci tsofaffi da su riƙa motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin sa'a a kwana biyar. Tafiya masallaci, zagaya gona da yanko wa awaki ciyawa duk suna cikin lissafi.

Na biyu shi ne ƙwaƙwalwa. A shekarar 2010 masana a Jami'ar Rush da ke Chicago ta Amurka suka bayyana sakamakon bibiyar tsofaffi fiye da 900. Sun gano cewa waɗanda ke jin rayuwarsu tana da manufa sun fi sauran tsira daga cutar mantuwa ta Alzheimer nesa ba kusa ba.

Na uku kuwa zumunta ce. Binciken da Jami'ar Harvard ta fara tun 1938 ya nuna cewa kyakkyawar dangantaka da mutane ta fi dukiya tasiri wajen lafiya da farin cikin tsoho. Bahaushe dai ya riga ya ce zumunta a ƙafa take.

Darasin a nan shi ne, a sauƙaƙe wa dattijo aiki, amma kada a raba shi da shi. Wanda ba ya iya huɗa yana iya zaɓen iri, karanta alamun damina, ko sasanta rikicin iyakar gona. Tsohuwar da ta daina daka tana iya saƙa faifai, tana yi wa jikoki tatsuniya. Abinci da sutura haƙƙinsu ne, amma abin da ke tashe su da asuba cikin nishaɗi shi ne sanin cewa har yanzu gida yana bukatarsu.